Lambar da ba wanda zai karanta ta, amma an san halinta

Sunanta gajere ne. Ka jera 2 har guda 136,279,841, ka ninka su da juna, 2 sau 2 sau 2 har ƙarshen layi, sannan ka cire 1 daga abin da ya fito. Masu lissafi suna rubuta ta 2¹³⁶²⁷⁹⁸⁴¹ − 1, rubutun da bai cika rabin layi ba. Amma in aka ce a warware ta da alƙaluman da muka saba, 0 zuwa 9, sai ta ci gurbi 41,024,320. Wanda ya zauna karanta ta, alƙalami ɗaya kowane sakan, ba ci ba sha ba barci, sai ya kusa kwana 475 kafin ya sauke. In kuma aka kai ta shagon buga takardu, kowane shafi ya ɗauki alƙaluma 3,000, za ta ci shafi 13,675, wato rim 27 da ɗoriya.

Abin da ya sa ake maganarta shi ne ba ta rabuwa. Mai goro 12 yana iya raba wa mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, kowa ya sami daidai da na ɗan'uwansa. Mai goro 13 kuwa ba shi da wannan sauƙin: ko dai ya ba mutum ɗaya duka, ko ya nemo mutum 13 ya ba kowa ɗaya, in ba haka ba sai an fasa goro. Irin su 13 su ne 'yan makaranta suka sani da firam, ni kuma a nan zan kira su ƙi-rabo: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, haka dai. Ba a sa 1 a cikinsu. Wannan doguwar lamba tamu ƙi-rabo ce, kuma tun watan Oktoban 2024 ita ce mafi girma da aka sani a cikin danginta.

Wanda ya gano ta Luke Durant ne, mazaunin San Jose a jihar Kalifoniya ta Amurka, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA. Ya yi aikin ne a ƙarƙashin GIMPS, wata haɗakar masu sa kai da George Woltman ya kafa a 1996, inda kowa yake ba da aron kwamfutarsa ana gwada lambobi. Shekara 28 kwamfutocin gida da na ofis ne suke cin wannan gasa. Durant ya sauya salo, ya yi hayar dubban na'urorin GPU, irin waɗanda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, a cibiyoyin ajiyar bayanai da ke ƙasashe 17. Rahotanni sun ce abin da ya kashe ya kusa dala miliyan 2. Kyautar da GIMPS take bayarwa kuwa dala 3,000 ce. Wadda take riƙe da kambun kafin nan, 2⁸²⁵⁸⁹⁹³³ − 1, Patrick Laroche ne ya gano ta a Disambar 2018, tana da alƙaluma 24,862,048. Sabuwar ta ɗara ta da alƙaluma sama da miliyan 16.

Kalmar da ya kamata a riƙe a nan ita ce "da aka sani". Babu wata ƙi-rabo mafi girma a duniya, kuma wannan ba sabon labari ba ne. Yuklid ya tabbatar da haka a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Hujjarsa ta shiga aljihu: ka kawo duk ƙi-rabon da kake da su, ka ninka su da juna, ka ƙara 1. Duk wadda ka raba sabuwar lambar da ita a cikin jerin naka, sai 1 ya rage. Ke nan ko dai sabuwar lambar ita kanta ƙi-rabo ce, ko kuma akwai wata ƙi-rabo da ke raba ta wadda ba ta cikin jerinka. Mutane sukan yi tuntuɓe a nan, su ɗauka cewa dole abin da ya fito ya zama ƙi-rabo. Ba dole ba ne: 2, 3, 5, 7, 11 da 13 in an ninka su aka ƙara 1 suna ba da 30,031, wadda ita ce 59 sau 509. Hujjar dai tana nan, domin 59 da 509 ba sa cikin jerin farko.

Har an san fiye da haka. Chebyshev, masanin lissafi na Rasha, ya tabbatar a tsakiyar ƙarni na 19 cewa tsakanin kowace lamba da ta wuce 1 da ninkinta akwai ƙi-rabo. Saboda haka tabbas akwai wata tsakanin lambar Durant da ninkinta. A gaskiya ma suna da yawan da ba ya misaltuwa: a unguwar lambobi masu wannan tsawo, kusan ɗaya cikin kowace miliyan 94 ƙi-rabo ce. Suna nan birjik a gabanta da bayanta, ba wanda zai iya nuna ko ɗaya da yatsa. To me ya sa wannan ta kamu, maƙwabtanta suka gagara? Amsar tana cikin siffarta, kuma duk abin da zan faɗa daga nan yana komawa ga wancan gajeren suna.

Mu fara da abin da mutum zai iya ganowa da biro da takarda, ba tare da ya ga lambar ba.

Da wane alƙalami ta ƙare? Ninkin 2 yana tafiya 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, kuma in ka dubi wutsiyarsu kawai za ka ga 2, 4, 8, 6 suna zagayowa, huɗu-huɗu. Ka raba 136,279,841 gida huɗu, saura 1. Ke nan an tsaya a farkon zagaye, a kan 2, cire 1 kuma ya bar 1. Alƙaluma uku na ƙarshe su ma suna zagaye, sai dai nasu zagayen mai taki 100 ne. Adadin ninkin namu, wato 136,279,841, ya ƙare da 41, kuma 2 ninki 41 ita ce 2,199,023,255,552. Wutsiyarta 552, cire 1, 551. Haka kuwa lambar ta ƙare a fayil ɗin da aka wallafa.

Tsawonta ma lissafi ne na minti biyu. Ninki goma na 2 yana ba da 1,024, wato kusan kowane ninki goma yana ƙara alƙaluma uku. In ana son daidai wa daida, kowane ninki ɗaya yana ƙara 0.30102999566 na alƙalami. Ka ninka wannan da 136,279,841, za ka sami 41,024,319.945, wanda yake nufin lambar ta cika gurbi 41,024,319 ta shiga na gaba. Wancan ɗan guntun .945 ma ba shara ba ne, shi ne yake faɗa maka cewa lambar ta fara da 881. Wani abin dariya: wanda ya yi ƙiwa ya taƙaita ma'aunin zuwa 0.30103, kamar yadda yake a teburin lissafin sakandare, zai sami amsar da ta zarce da alƙalami ɗaya. Kuskuren da bai kai a gan shi ba, in an ninka shi sau miliyan 136, sai ya yi ƙafa.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta ranakun mako. A ce yau Juma'a, aka tambaye ka wace rana ce bayan kwanaki adadin wannan lamba. Ninkin 2 in ana raba shi gida bakwai, saurarsa 2, 4, 1 ne suke zagayowa. Adadin ninkin namu in an raba shi uku saura 2, to muna kan 4, cire 1 ya zama 3. Kwana uku bayan Juma'a, Litinin. Da irin wannan dabara za ka gane cewa in ka tara alƙalumanta miliyan 41 ɗin, ka sake tara na amsar, ka yi ta yi har ya zama alƙalami guda, 4 za ka samu.

Akwai kuma wata sifa mai ɗan zurfi. Masanin lissafi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i huɗu ko ƙasa da haka, murabba'i kuwa shi ne lamba sau kanta: 1, 4, 9, 16, 25. Wasu lambobin biyu sun ishe su, kamar 13 da take 9 da 4. Tamu ba ta cikin masu sauƙin kai. In an raba ta gida takwas saura 7, murabba'i kuma in an raba shi takwas ba ya barin komai sai 0 ko 1 ko 4, kuma duk yadda ka haɗa uku daga cikin waɗannan ba za su ba ka saurar 7 ba. Dole sai huɗu cur, kamar ƙannenta: 7 ita ce 4, 1, 1, 1, 31 ita ce 25, 4, 1, 1, 127 kuma 121, 4, 1, 1.

Duk wannan wasa ne idan aka kwatanta da babbar tambaya, wato ta yaya aka san ba ta rabuwa.

Hanyar da yaro zai fara tunani ita ce a gwada raba ta da 3, da 5, da 7, a yi ta tafiya. Wannan hanya a rufe take ruf. Sai an gwada har zuwa lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai tamu, ita kuma wannan tana da alƙaluma sama da miliyan 20. Adadin ƙwayoyin zarra da masana suke ƙiyasta akwai a duk sararin da ake iya hange bai wuce lamba mai alƙaluma 80 da 'yan kai ba. Ko kowace ƙwayar zarra ta zama kwamfuta, aikin ba zai motsa ba.

A nan siffar take fara biyan kuɗinta. Kwamfuta ba ta ƙirga da goma-goma, da biyu-biyu take yi, 0 da 1 kawai. A wannan rubutu 3 ita ce 11, 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111. Duk lambar da take ninkin 2 ban da 1, a wurin kwamfuta jerin 1 ne zalla, kamar yadda 999 take a wurinmu. Lambar Durant 1 ce guda 136,279,841 a jere, babu sifili ko ɗaya. Daga nan za ka ga dalilin da ya sa dole adadin ninkin shi kansa ya zama ƙi-rabo. Jerin 1 guda shida ana iya yanka shi uku-uku ko biyu-biyu, kuma duk yankan da ya yi daidai rabo ne: 111111 ita ce 111 sau 1001. A lissafinmu wannan ita ce 63, wadda take 7 sau 9. Jerin da ba ya yankuwa daidai ne kaɗai yake da damar tsira. Mai son misali babba ya tuna tsohon labarin nan na wanda ya nemi sarki ya biya shi da ƙwayar alkama a kan allon dara mai gida 64, ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku. Jimlar ita ce 18,446,744,073,709,551,615, wato 2 ninki 64 ban da 1, kuma da yake 64 tana rabuwa, ita ma 3 da 5 da 17 duk suna raba ta.

Sai dai damar tsira ba tsira ba ce. 11 ƙi-rabo ce, amma 2 ninki 11 ban da 1 yana ba da 2,047, wato 23 sau 89. Dubi waɗannan biyun da kyau: 23 ita ce 22 da 1, 89 kuma 88 da 1, dukansu ninkin 11 ne da ƙarin 1. Ba dace ba ne. Fermat, masanin lissafi Bafaranshe, ya gano cewa duk mai raba irin wannan lamba dole ta kasance adadin ninkin sau wata lamba mai cika, wato wadda 2 ke rabawa, da ƙarin 1, daga baya kuma aka ƙara da cewa in an raba ta takwas dole saura ya zama 1 ko 7. Ga lambar Durant, wannan yana nufin babu abin da zai iya raba ta a ƙasa da 272,559,683, ita ma wannan ɗin ta faɗi a sharaɗi na biyu domin saurarta 3. Da wannan rariya ake tankaɗe mafi yawan 'yan takara tun kafin a kai ga gwaji mai tsada.

Sunan da dangin lambobi masu wannan siffa, ninkin 2 ban da 1, suke amsawa na Marin Mersenne ne, wani limamin Kirista Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. A 1644 ya wallafa jerin adadin ninkin da ya ce su ne suke ba da ƙi-rabo har zuwa 257. Ya yi kuskure biyar: ya sa 67 da 257 waɗanda ba su cancanta ba, ya tsallake 61, 89 da 107. Ba abin zargi ba ne ga mutumin da yake aiki da gashin tsuntsu da tawada, kuma an kwashe kusan shekara 300 kafin a gama duba masa aikin. Masanin lissafi Euler ya tabbatar da ta 31, wato 2,147,483,647, a 1772. Ta 67 kuwa an san tana rabuwa tun 1876, amma ba a san da me ba, sai a 1903 da Frank Nelson Cole ya nuna a wani taro a New York cewa ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287.

Ka lura da wannan: an san tana rabuwa shekara 27 kafin a san mai raba ta. Wannan shi ne sirrin gwajin da Édouard Lucas ya ƙirƙiro, Derrick Lehmer ya gyara shi a wajen 1930. Gwajin ba ya neman mai rabo sam. Ka fara da 4. Ka ninka ta da kanta, ka cire 2. Abin da ya fito ka raba da lambar da kake gwadawa, ka riƙe saura kawai. Ka maimaita. Yawan maimaicin shi ne adadin ninkin ban da 2. In ka ƙare a kan sifili, ƙi-rabo ce, in ka ƙare a kan wani abu daban, tana rabuwa. Babu wataƙila a ciki.

Mu gwada da 127, wadda take ninki 7 ban da 1, don haka taki biyar za mu yi. Daga 4 sai 14. Daga 14 sai 194, saura 67. 67 sau 67 ban da 2 ita ce 4,487, saura 42. 42 sau 42 ban da 2 ita ce 1,762, saura 111. 111 sau 111 ban da 2 ita ce 12,319, wadda take 127 sau 97 daidai, saura sifili. An gama. In ka yi wa 2,047 irin wannan, bayan taki tara za ka tsaya a kan 1,736, gwajin ya ce maka tana rabuwa, amma ba zai taɓa ambata maka 23 ko 89 ba. Da wannan hanya Lucas ya tabbatar da ninki 127 ban da 1 a 1876, lamba mai alƙaluma 39, da hannu. Ta riƙe kambu shekara 75, kuma har yau ba a tabbatar da wadda ta fi ta da hannu ba. Da kwamfuta ta shigo, Raphael Robinson ya samo sababbi biyar a shekarar 1952 kaɗai da na'urar SWAC a Los Angeles.

Ga lambar Durant takin 136,279,839 ne, kuma a kowane taki ana ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 da kanta. Abubuwa biyu ne suka sa hakan ya yiwu. Na farko, ba a yin ninkin irin na firamare, alƙalami da alƙalami. Akwai dabarar da ke mayar da lambar kamar igiyar sauti, a ninka a can, a dawo da ita, kuma Richard Crandall da Barry Fagin sun daidaita ta musamman don wannan dangi a 1994. Na biyu shi ne rabon da ake yi a kowane taki, wanda ga sauran lambobi shi ne jan aiki, a nan kyauta ne. Ka gwada da 999: in kana son saurar 123,456 bayan an raba ta da 999, ba sai ka raba ba, ka yanke ta biyu ka tara, 123 da 456, amsa 579. Jerin 1 a rubutun kwamfuta haka yake yi, yanka da tarawa kawai.

Wannan shi ne dalilin da ya sa biyar ɗin da suke saman jerin manyan ƙi-rabon da aka sani duk 'yan gidan Mersenne ne. Lambar da ba ta da wata siffa ta musamman, iyakar da aka iya kaiwa wajen tabbatar da ita tana wajen alƙaluma dubu 100 ne, ba miliyan 41 ba. A ganina wannan ne ya kamata a riƙa faɗa duk lokacin da jaridu suka buga labarin sabon kambu. Kambun yana auna ƙarfin kayan aikinmu da sa'ar da aka yi cewa gida ɗaya yana da ƙofa, ba ya auna nisan da muka yi a sanin ƙi-rabo gaba ɗaya.

Akwai wani ɗan saɓani game da ranar da aka gano ta, kuma saɓanin yana da ma'ana. Ranar 11 ga Oktoba wata na'ura a Dublin ta ƙasar Ayalan ta ba da rahoton cewa lambar ta ci gwajin Fermat. Ranar 12 wata a San Antonio ta jihar Texas ta kammala gwajin Lucas da Lehmer. GIMPS ta ɗauki 12, ta kuma sanar wa duniya ranar 21 bayan wasu sun sake gwadawa da manhajoji da na'urori daban-daban. Bambancin gwaje-gwajen biyu shi ne na shaida da hujja. Gwajin Fermat yana cewa: in lamba ƙi-rabo ce da ba 3 ba, ka jera 3 adadinta ban da ɗaya ka ninka, ka raba da ita, saura 1 ne. Ga 7, jerin 3 guda shida yana ba da 729, wato 7 sau 104 da saura 1. Matsalar ita ce wasu masu rabuwa su ma suna cin wannan jarrabawa. 91 ita ce 7 sau 13, amma da yake 729 ita ce 91 sau 8 da saura 1, sai ta wuce salin-alin. Ga lamba mai alƙaluma miliyan 41 yiwuwar irin wannan sojan gona ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har ba mai hankalin da zai yi caca a kanta. Duk da haka masu lissafi ba su yarda su kira ta tabbatacciya ba sai da gwaji na biyu ya sauka a kan sifili. Ina ganin sun yi daidai, domin kalmar "tabbas" ita ce kaɗai jarin wannan fanni.

Mai tambaya zai ce, to me ya sa ake farawa da gwajin da ba ya yanke hukunci? Saboda na'ura tana kuskure. Aikin da ya ɗauki kwanaki yana gudana, ɗigo ɗaya ya juye saboda zafi ko raunin ma'ajiya, amsar ta lalace ba wanda ya sani. Gwajin Fermat yana karɓar wata dabarar kama kuskure da Robert Gerbicz ya kawo, kuma ana iya fitar da wata gajeriyar shaida da wani zai duba cikin ɗan lokaci maimakon ya sake aikin daga farko. Shi ya sa GIMPS ta mayar da shi gwajin farko. Ana amfani da 3 ne ba 2 ba, domin da 2 duk 'yan gidan Mersenne masu adadin ninki ƙi-rabo suna cin jarrabawar, har da 2,047.

Kowace ƙi-rabo ta wannan gida tana zuwa da 'yar rakiya. Akwai lambobin da ake kira kammalallu, waɗanda in ka tara duk masu raba su ban da su kansu, sai su dawo maka daidai: 6 ita ce 1, 2, 3, 28 ita ce 1, 2, 4, 7, 14, sai 496 da 8,128. Yuklid ya nuna cewa in ka ɗauki ƙi-rabo irin 7, ka ninka ta da rabin lambar da ke gabanta, wato rabin 8, kammalalliya za ka samu: 7 sau 4, 28. Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira wajen shekara ta 1000, ya yi ƙoƙarin nuna cewa babu wata hanyar sai wannan, amma Euler ne ya kammala hujjar a ƙarni na 18, ga lambobi masu cika. Don haka ranar da Durant ya samo tasa, an sami kammalalliya ta 52, mai alƙaluma 82,048,640, kuma ta ƙare da 6. Ko akwai kammalalliyar da take wuturi, wadda 2 ba ta raba ta? An fi shekara dubu biyu ana tambaya. An dai tabbatar cewa in akwai ta, alƙalumanta sun wuce 1,500.

Saura tambayar da Bahaushe ba zai bari ta wuce ba: ba girin-girin ba, ta yi mai. Sau da yawa za ka ji ana cewa irin waɗannan lambobi ne suke tsare kuɗin banki da saƙonnin waya. Wannan rabin gaskiya ne. Tsarin ɓoye saƙo da ake kira RSA yana amfani da ƙi-rabo, amma masu alƙaluma wajen 300, kuma amfaninsu shi ne a ɓoye suke. Lambar da duk duniya ta san sunanta ba ta kulle komai, kuma girmanta ya sa ba ta ɗaukuwa. Ƙananan 'yan gidan ne suke aiki. Ta Euler, 2,147,483,647, ita ce iyakar abin da tsofaffin manhajoji masu gurbi 32 suke iya ƙirgawa, shi ya sa agogon wasu na'urori zai cika ya juye ranar 19 ga Janairun 2038. Ninki 19,937 ban da 1 ita ce ƙashin bayan wata sananniyar hanyar fitar da lambobin ƙuri'a da Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura suka ƙirƙiro a Japan a 1997, wadda manhajoji da yawa suke amfani da ita. Manhajar farautar kanta, Prime95, ta zama abin gwada lafiyar kwamfuta, har ta tono wani aibi a na'urorin Skylake na kamfanin Intel a farkon 2016. Amma ita lambar Durant, a yau, ba ta da aikin yi, kuma masu neman ta ba su yi da'awar tana da shi ba. Akwai dai kyautar dala 150,000 da gidauniyar EFF ta Amurka ta ajiye wa wanda ya fara kawo mai alƙaluma miliyan 100, abin da yake buƙatar adadin ninki ya haura miliyan 332.

Abin da ba a tabbatar ba game da gidan ya fi wanda aka tabbatar nauyi. Yuklid ya nuna ƙi-rabo ba su da iyaka, amma ba wanda ya nuna cewa 'yan gidan Mersenne ba su da iyaka. Akwai hasashen Lenstra da Pomerance da Wagstaff da ke cewa a matsakaici kowane sabon adadin ninki yakan ninka na baya da kusan 1.48, kuma abin da aka gani ya yi kusa da haka, na Durant ya ninka na Laroche da 1.65. Hasashe ne dai. Abin mamaki ma, ba a tabbatar da kishiyar ba, wato cewa masu rabuwa irin 2,047 ba su da iyaka, duk da cewa su ne kusan duk abin da ake cin karo da shi.

Ko matsayinta na 52 ma na wucin gadi ne. Ita ce ta 52 da aka gano, ba lallai ta 52 a jeri ba, domin a lokacin da aka sanar da ita ba a gama tantance duk adadin da ke tsakaninta da ta Laroche ba. Hakan ya taɓa faruwa. A watan Agustan 2008 wata kwamfuta a jami'ar UCLA da ke Los Angeles ta samo mai adadin ninki 43,112,609, wadda ta ci kyautar dala 100,000 ta mai alƙaluma miliyan 10. Bayan mako biyu aka samo mai 37,156,667 a Jamus, a 2009 kuma aka samo mai 42,643,801 a Norway, dukansu a bayanta suke, an tsallake su ne a hanya.